Amsoshin Tambayoyinku: Janar George Thomas, Dutsen da 'Yan'uwansa Suka Juya wa Baya

Mai gabatarwa: Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filinku na Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun wannan mako da yawansu sun taru ne a kan yaƙin basasar Amurka, kuma huɗu daga ciki a kan mutum ɗaya suke, wato Janar George Thomas. Shi ya sa muka gayyato malamin tarihi da ya saba taya mu wannan aiki. Allah ya gafarta Malam, barka da zuwa.

Malam: Yauwa, barka kadai Malama. Ina gaida masu sauraro.

Mai gabatarwa: Bari mu fara da wasiƙar wani ɗalibi daga Damagaram. Ya ce kullum in ana zancen wannan yaƙi sunan Grant, babban kwamandan Arewa, da Lee, babban kwamandan Kudu, yake ji, sai kwanan nan ya ji an ambaci wani hafsa da ake wa laƙabi da Dutsen Chickamauga. Wane ne shi, kuma ɗan wane ɓangare ne?

Malam: To, wannan tambaya ta biyu ita ce dukan labarin, domin mutumin ɗan Kudu ne amma Arewa ya yi wa yaƙi. Kuma in na ce Arewa da Kudu, na Amurka nake nufi, kada wani ya kawo mu gida. An yi yaƙin ne daga 1861 zuwa 1865. Jihohi 11 na Kudu suka ce sun ɓalle bayan zaɓen Abraham Lincoln, don suna tsoron gwamnatinsa za ta taɓa bautar da bayi, wadda a kanta arzikinsu na auduga da taba ya dogara. Bayin nan a lokacin sun kai wajen miliyan 4. Kafin ƙura ta lafa, sojoji fiye da 600,000 sun mutu.

Shi George Henry Thomas an haife shi ranar 31 ga Yuli 1816 a gundumar Southampton ta jihar Bajiniya, a gidan manoma masu rinji da bayi. Yana ɗan shekara 13 mahaifinsa ya rasu a wani hatsari a gona. Bayan shekara biyu, a watan Agusta 1831, sai ga abin da ya girgiza Kudu baki ɗaya, a gundumar tasu kuwa: wani bawa mai wa'azi, Nat Turner, ya tayar da bore, shi da mutanensa suka bi gida gida suka kashe Turawa fiye da 50. Thomas da mahaifiyarsa da 'yan'uwansa mata sai da suka bar gida suka ɓuya a daji. Ramuwar gayyar da aka yi a kan baƙaƙen fata bayan nan ta yi muni ƙwarai, har da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, shi kuma Turner aka rataye shi a watan Nuwamba. Yaro ɗan shekara 15 ya ga wannan da idonsa.

A 1836 ya shiga makarantar horar da hafsoshi ta West Point, ya fita a 1840, shi ne na 12 cikin 42. Abokin ɗakinsa a can shi ne William Sherman, wanda za mu sake cin karo da shi. Aka tura shi sashen igwa. Ya yi yaƙi da ƙabilar Seminole a Fulorida, sannan ya je yaƙin Meziko, inda ya yi suna a Monterrey da Buena Vista. Kyaftin ɗin da ke shugabantarsa a can sunansa Braxton Bragg. Masu sauraro su riƙe wannan suna. Da ya dawo, mutanen gundumarsu suka haɗa kuɗi suka yi masa kyautar takobi na girmamawa.

Mai gabatarwa: Ke nan tun da fari ɗan gaban goshi ne a garinsu.

Malam: Ƙwarai kuwa. Kuma duk manyan da suka ɗaga shi 'yan Kudu ne. A 1851 ya koma West Point yana koyar da hawan doki da harbin igwa, a zamanin da Robert Lee ya zo ya shugabanci makarantar. A can ɗalibai suka laƙaba masa suna Slow Trot, wato mai sassarfa a hankali, saboda kullum in suna atisaye a kan tsofaffin dawakin makarantar, da sun so su saki linzami sai ya daka tsawa a yi sassarfa a hankali. Sunan ya bi shi har kabari, maƙiyansa kuma suka mai da shi abin gori. A 1855 aka kafa wata sabuwar rundunar sojan doki, aka ba shi manjo. Ministan yaƙin da ya zaɓe shi Jefferson Davis ne, wanda daga baya ya zama shugaban 'yan awaren Kudu. Lee ma yana cikin rundunar, shi ne mataimakin kwamanda. A Teksas ne, a watan Agusta 1860, wani mayaƙin ƙabilar Comanche ya harbe shi da kibiya, ta keta naman haɓarsa ta cake a ƙirji. Da hannunsa ya zare ta, aka ɗaure wurin, ya ci gaba da tafiya. Duk yaƙe-yaƙen da ya yi a rayuwarsa, wannan ne kaɗai raunin da abokin gaba ya taɓa yi masa.

Mai gabatarwa: Wannan ya kawo mu wasiƙar wata malamar makaranta daga Kumasi. Ta ce ta ji wai 'yan'uwansa mata sun yafe shi. Tana tambaya, shin gaskiya ne, kuma me ya yi musu da zafi haka? Ta ƙara da cewa ita dai a saninta hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Malam: Su dai sun yanke sun yar, Malama. Ga yadda abin ya faru. A ƙarshen 1860 Thomas ya ɗauki hutun shekara guda. A hanyarsa ta gida ya zame daga dandamalin tashar jirgin ƙasa a Lynchburg, ya bugu a baya, ciwon da bai rabu da shi ba har ya mutu. Yana wannan jinya ƙasa ta fara tsagewa. Gwamnan Bajiniya, John Letcher, ya yi masa tayin shugabancin sashen makaman jihar. Thomas ya ƙi, ya ce muddin jiharsa tana cikin tarayya shi ba zai tuɓe kakin Amurka ba. Aka buɗe wutar da ta soma yaƙin a sansanin soja na Fort Sumter ranar 12 ga Afrilu 1861, bayan kwana biyar Bajiniya ta ɓalle. Lee ya ajiye aiki ya bi jiharsa. Yawancin manyan hafsoshin rundunarsu ta doki suka bi Kudu. Thomas ya tsaya inda yake.

Da labari ya isa gida, 'yan'uwansa mata, Judith da Fanny, suka juya hotonsa da ke rataye ya fuskanci bango. Suka lalata wasiƙunsa, ba su ƙara yi masa magana ba. Bayan yaƙi, lokacin da Kudu ke cikin yunwa da fatara, ya aika musu da taimako, suka mayar, suka ce su ba su da wani ɗan'uwa. Takobin nan na girmamawa ma a hannunsu ya zauna. Tsohon ɗalibinsa J.E.B. Stuart, wanda ya zama babban kwamandan dokin Kudu, ya rubuta wa matarsa cewa zai so ya rataye Thomas a matsayin maci amanar jiharsa.

Mai gabatarwa: To Malam, me ya sa ya zaɓi haka? Ko don ya tsani bauta ne?

Malam: A nan ne nake so a yi hattara, don mutane suna son su wanke shi tas. A gidan masu bayi ya tashi, kuma kafin yaƙi ba a san shi da fafutikar 'yanta bayi ba. Abin da ya riƙe shi ne rantsuwar da ya yi ranar da ya sa kaki. 'Yan Kudu sun baza cewa matarsa ce ta juya shi, domin Frances Kellogg da ya aura a 1852 'yar garin Troy ce a jihar Niyok. Ita kuwa ta ce ko maganar ba su taɓa yi ba sai bayan ya yanke shawararsa. Suna kuma kafa hujja da cewa a watan Janairu 1861 ya nemi aikin koyarwa a wata makarantar soja ta Bajiniya, wai alamar zuciyarsa tana can. Ni a ganina mutum ne mai ciwon baya da yake tsoron ba zai ƙara iya hawa doki ba, yana neman abin da zai ci da iyalinsa. Amma ban ce bai yi ta saƙawa da kwancewa ba. Wa zai raba kansa da dangi cikin dare ɗaya?

Abin takaicin shi ne, can Arewar da ya bi ma ba su sake da shi ba. A Washinton akwai masu kallonsa da wutsiyar ido, ɗan Bajiniya ne, wa ya san abin da ke ransa. Ga shi ba shi da gwamna ko sanata da zai tsaya masa a yi masa ƙarin girma, tunda jiharsa tana ɗaya ɓangaren. Mu da muka san labarin Basasar Kano tsakanin Tukur da Yusufu, mun san yadda irin wannan yaƙi yake ratsa tsakar gida ɗaya.

Mai gabatarwa: Sai wasiƙar wani tsohon soja daga Zariya. Shi tambayarsa gajera ce: me ya faru a Chickamauga har aka kira mutum dutse?

Malam: Madalla da tambayar soja. Kafin nan Thomas ya riga ya nuna kansa. Ranar 19 ga Janairu 1862 ya ci 'yan Kudu a Mill Springs ta jihar Kentaki, cikin ruwa da taɓo, har aka kashe janar ɗinsu Zollicoffer. Ita ce babbar nasara ta farko da Arewa ta samu a fagen yamma. A watan Satumba na shekarar aka aiko masa takarda ya karɓi rundunar gaba ɗaya daga hannun maigidansa Janar Buell, ya ce a'a, ana dab da gwabzawa, bai dace a canza kwamanda a irin wannan lokaci ba. Mutanen Washinton ba su manta masa da wannan ƙin ba. A Stones River kuma, ƙarshen shekarar, shi ya riƙe tsakiyar sahu lokacin da ɓangaren dama ya karye.

Chickamauga sunan wani rafi ne a arewacin jihar Jojiya, kusa da garin Chattanooga, wanda mahaɗar layin dogo ce mai matuƙar muhimmanci. An gwabza a can ranar 19 da 20 ga Satumba 1863. Rundunar Arewa tana ƙarƙashin Janar Rosecrans, ta Kudu kuma, wa kike tsammani? Braxton Bragg, tsohon kyaftin ɗin Thomas na Meziko. Wurin kurmi ne mai duhu, kwamanda ba ya iya hango sahunsa daga wannan gefe zuwa wancan. A rana ta biyu da hantsi aka kawo wa Rosecrans rahoton kuskure cewa akwai giɓi a sahu. Ya ba Janar Wood umarni ya matsa ya toshe. Wood ya janye dakarunsa, sai ya zama giɓin da babu shi a da yanzu ya samu. Kuma daidai wannan lokaci, daidai wannan wuri, Janar Longstreet, wanda aka ɗebo mutanensa a jirgin ƙasa tun daga Bajiniya, ya auko da dubban dakaru. Kamar an buɗe musu ƙofa.

Kusan sulusin rundunar Arewa ya watse. Shi kansa Rosecrans guguwar masu gudu ta tafi da shi har Chattanooga, yana zaton an gama da kowa. Thomas yana ɓangaren hagu. Da ya ga abin da ya faru, sai ya tattara nasa da duk wani ɓataccen soja da ya gudo ta wajensa, ya jera su a kan wani tudu mai siffar kofaton doki, kusa da gidan wani manomi Snodgrass. Tun azahar 'yan Kudu ke hawowa ana mai da su. Harsashi ya fara ƙarewa, sojoji suna lalube jakunkunan gawawwaki, wasu wurare aka koma wuƙar bakin bindiga. Ana cikin haka aka hango ƙura ta taso daga arewa, ba wanda ya san ta wa ce. Da ta 'yan Kudu ce, shi ke nan. Ashe Janar Granger ne da dakarun ajiya, ya ji rugugin igwa ya taho ba tare da an kira shi ba, ga kuma harsashi ya kawo. Hausawa kan ce in ka ga ƙi-gudu, sa-gudu ne bai zo ba. To, ran nan sa-gudu ya zo da kansa, Thomas bai gusa ba sai da magariba ta yi, sannan ya janye mutanensa cikin tsari.

James Garfield, babban hafsan ofishin Rosecrans, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya koma fagen a kan doki ya iske shi, ya aika saƙo cewa Thomas yana nan tsaye kamar dutse. Daga nan laƙabin ya fito. An ci Arewa a wannan yaƙi, kada a yi kuskure. Waɗanda aka kashe da waɗanda aka raunata da waɗanda suka ɓace a ɓangarorin biyu sun kai wajen 34,000, ba gumurzun da ya fi shi asara a duk yaƙin sai na Gettysburg. Amma rundunar ta tsira, saboda tsayuwar nan ta yini guda.

Mai gabatarwa: Daga nan sai aka ba shi rundunar?

Malam: A watan Oktoba, i. Lokacin Bragg ya yi musu ƙawanya a Chattanooga, abinci ya yanke, dawaki da alfadarai suna mutuwa da yunwa. Grant ya bugo masa wayar tangaraho ya riƙe garin ko ta halin ƙaƙa. Amsar Thomas layi ɗaya ce: za mu riƙe shi har yunwa ta kashe mu. Aka samu aka buɗe hanyar abinci ta kogi. Ranar 25 ga Nuwamba aka umarci mutanensa su kama ramukan 'yan Kudu da ke gindin tsaunin Missionary Ridge, su tsaya nan. Suka kama, suka ga ana yi musu ruwan wuta daga sama, tsayawa mutuwa ce, sai kawai suka ci gaba da hawa ba da umarnin kowa ba, wasu suna ihun sunan Chickamauga. Grant ya juyo a fusace yana tambayar wa ya ce su hau. Kafin a gama neman mai laifi, tuta ta kai ƙololuwa, rundunar Bragg ta tarwatse. Cikin kwamandojin da suka hau har da Wood ɗin nan mai giɓi.

Akwai wata magana da aka ruwaito daga gare shi bayan wannan. Ya sa a keɓe wani tudu a yi maƙabartar sojoji. Limamin soja ya tambaye shi ko a binne su jiha jiha. Ya ce a'a, a gauraya su, shi ya gaji da zancen 'yancin jihohi. Wannan zance shi ne hujjar da 'yan Kudu suka kafa ta ɓallewa. In ka tuna abin da ya raba shi da shi, za ka ji nauyin maganar.

Mai gabatarwa: Wani mai sauraro daga Marwa ta Kamaru ya ce shi ya karanta cewa Thomas mutum ne mai nawa, har Grant ya so ya tuɓe shi. Ya ce in gwani ne, me ya haɗa shi da manyansa?

Malam: Gaskiya ne Grant da Sherman sun yi ta kukan nawarsa. Akwai kuma tsohuwar jiƙaƙƙa, domin a 1862, bayan yaƙin Shiloh, an ɗebi yawancin dakarun Grant an damƙa wa Thomas na ɗan lokaci, jininsu bai ƙara haɗuwa ba. Amma mu duba abin da ake kira nawar. Thomas ba ya tashi sai ya tabbatar da abincin soja, da takalminsa, da dokinsa, da taswirar inda za shi. Ba ya jefa mutane a wuta don a ce ya yi wani abu. Shi ya sa sojojinsa suke kiransa Baba Thomas. Grant kuwa irin kwamandan nan ne da yake ganin jinkirin kwana ɗaya ma asarar rayuka ne, tunda yaƙin zai ƙara tsawo. Kowannensu yana da hujjarsa.

Abin ya zo wuya a Nashville, babban birnin jihar Tenesi. Bayan an ci Atlanta a watan Satumba 1864, inda rundunar Thomas ce mafi girma a cikin na Sherman, sai Sherman ya ɗebi zaɓaɓɓun dakaru da dawaki masu ƙarfi ya nufi bakin teku, ya bar wa Thomas tsaron jihar Tenesi da tarkacen da ya rage. Wanda ya taho masa shi ne John Bell Hood, tsohon ɗalibinsa a West Point, mutum mai zafin kai da ya rasa ƙafa ɗaya a Chickamauga, hannu ɗaya kuma ya shanye tun Gettysburg, sai an ɗaure shi a kan sirdi. Hood ya yi asarar mutum wajen 6,000 a Franklin ranar 30 ga Nuwamba, duk da haka ya zo ya kafa sansani a bakin Nashville.

Grant yana can Bajiniya yana aiko waya kan waya: ka auka masa yanzu. Thomas ya ce sojan dokinsa ba su da dawaki, a ba shi 'yan kwanaki. Da ya shirya, sai aka yi ruwan ƙanƙara, ƙasa ta daskare ta zama kamar gilashi, doki ba ya iya tsayuwa balle mutum ya hau tudu da bindiga. Ya sanar da su, ya ce in sun ga dama su tuɓe shi, ba zai yi gunaguni ba, amma ba zai fita a haka ba. Grant ya tura Janar Logan da takardar karɓe rundunar, shi kansa ya taso ya iso Washinton da niyyar wucewa Nashville. Ƙanƙara ta narke. Ranar 15 ga Disamba Thomas ya fito, ya ruɗi Hood da farmaki ta gefe guda, ya naɗo shi ta ɗaya gefen da dakaru da sojan doki masu bindigogin da ke harbi sau bakwai kafin a sake ɗurawa. Washegari ya ƙarasa shi. Rundunar Hood ba ta ƙara zama abin tsoro ba, shi kuma ya ajiye muƙaminsa a watan Janairu. Logan yana Louisville labari ya same shi, ya juya da takardarsa a aljihu.

Ni dai in an tambaye ni, a wannan karon Thomas ne da gaskiya. Wanda yake nisan ɗaruruwan mil ba shi zai gaya wa wanda ke tsaye a kan ƙanƙara ko tana da santsi ba.

Mai gabatarwa: Akwai wata 'yar gajerar tambaya daga Maiduguri. Mai sauraron yana so ya san ko baƙaƙen fata sun yi yaƙin, kuma ko akwai ɗan ƙasarmu a ciki.

Malam: Sun yi, wajen 180,000 a rundunar Arewa, bayan shelar 'yanta bayi ta ranar 1 ga Janairu 1863. Kuma ɗan Maiduguri ya yi murna, akwai mutumin Kukawa a ciki. Sunansa Muhammad Ali ɗan Sa'id, wanda Turawa suka sani da Nicholas Said. An kama shi yana yaro aka ƙetara Sahara da shi, ya bi ta Tarabulus da Istanbul da Rasha kafin ya isa Amurka, a 1863 ya shiga runduna ta 55 ta jihar Massachusetts. Shi ba a ƙarƙashin Thomas ya yi ba, labarinsa sai mun ware masa fili na kansa.

Game da Thomas, da farko yana cikin masu shakkar ko tsofaffin bayi za su iya tsayawa a fagen fama. A Nashville aka tura su wani tudu mai suna Overton, inda 'yan Kudu suka yi ganuwa mai ƙarfi, aka karkashe su da yawa. Bayan an gama, Thomas ya bi ta wurin a kan doki, ya ga gawawwakinsu kwance tare da na Turawa har bakin ganuwar. Ya juya ya ce wa hafsoshinsa magana ta ƙare, baƙaƙen fata suna yaƙi. Abin da zafi a ce sai da gawa ta ba da shaida sannan aka yarda. Amma dai ya yarda, kuma bai koma baya ba. Bayan yaƙi, da yake riƙe da Tenesi da maƙwabtanta, ya yi amfani da soja wajen kare 'yantattun bayi, ya kuma yi ta faɗakar da Washinton game da ƙungiyar Ku Klux Klan ta Turawa masu kai wa baƙaƙen fata hari, wadda a Tenesi ɗin aka ƙirƙire ta.

Mai gabatarwa: Lokaci yana neman ƙure mana, Malam. Ɗalibin nan na Damagaram ya rufe wasiƙarsa da cewa, in haka mutumin yake, don me sunansa bai yi tashe kamar na sauran ba?

Malam: Dalili na farko, bai daɗe ba. A 1868 Shugaba Andrew Johnson ya so ya ƙara masa girma don ya yi amfani da shi ya ture Grant, Thomas ya roƙi majalisar dattawa ta janye sunansa, ya ce ba ya shiga rigimar 'yan siyasa. A 1869 aka tura shi San Francisco. Ranar 28 ga Maris 1870 yana zaune a ofis yana rubuta martani ga wata maƙalar jarida da ta rage masa daraja a kan yaƙin Nashville, sai bugun jini ya kama shi, ya rasu a ranar yana da shekara 53. Bai gama rubutun ba.

Na biyu, Grant da Sherman sun rayu sun rubuta tarihin kansu, kowa ya faɗi yaƙin yadda ya gan shi, kuma a bakinsu ne duniya ta ji cewa Thomas mai nawa ne. Shi kuwa lalata takardunsa na sirri ya yi, ba ya so a riƙa tallar rayuwarsa. Bai bar ɗa ba. Kudu ta yi wa janar-janar ɗinta Lee da Jackson gumaka ta share shi daga lissafi. Tsofaffin sojojinsa ne suka tsaya masa, suka kafa masa mutum-mutumi a kan doki a Washinton a 1879, a wani shataletale da har yau sunansa yake ɗauke da shi.

Mai gabatarwa: A Bajiniya aka binne shi?

Malam: A'a, a Troy, garin matarsa. An ɗauko gawar a jirgin ƙasa tun daga bakin tekun yamma, aka ratsa ƙasar da ita. Grant, wanda lokacin shi ne shugaban ƙasa, ya halarta, Sherman ma ya zo, da dubban mutane. Daga danginsa na jini kuwa ba wanda ya taka ƙafa.

Mai gabatarwa: Allah ya gafarta Malam, mun gode ƙwarai. Masu sauraro, wasiƙun da ba mu kai gare su ba suna nan a ajiye, ciki har da guda biyu a kan Nicholas Said, waɗanda Malam ya yi alkawarin dawowa ya amsa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.